Shin lissafi yana shiga kartar poka? Amsa ga wani tsohon ɗalibina

Wani yaro da na koyar da shi lissafi a ajin tarminal nan Tawa, wanda yanzu yake jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ya turo mini saƙo kwanan baya. Na ga tambayar tasa ta shafi matasa da yawa, shi ya sa na ce masa zan amsa a fili. Ga abin da ya rubuto:

"Mushe, barka da aiki, ya iyali? A fadarmu nan Harobanda an ajiye belot an koma wata karta da ake kira poka, a salula muka koye ta. Da tsinken ashana muke yi. Akwai wani abokinmu da kusan kullum shi ke kwashe ashanar. Ya ce wai ba sa'a ba ce, lissafi ne, kuma tunda lissafi ne ba caca ba ce, har yana shirin fara sa kuɗi ta intanet. Mushe, da gaske lissafin yiwuwa da kuka koya mana yana shiga karta? Ta yaya?"

Lafiya lau, ɗana, a gaida mutanen fada. Da gaske ne, yana shiga, kuma shiga ba kaɗan ba. Abokinka rabin gaskiya ya faɗa. Rabin nan nasa yana da daɗin bayani, don haka zan daɗe a kansa. Ɗaya rabin da ya tsallake kuwa, lissafin ne da kansa zai tono shi idan muka bi shi har inda ya tsaya.

Saboda masu karatu da ba su san wasan ba: irin da kuke yi shi ne wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana ce masa Tekzas Holdem. Karta 52 ake amfani da ita, ba 32 irin ta belot ba. Dangi huɗu ne, kur, karo, pik da tirefil, kowane dangi karta 13. Ana ba kowa karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke da rabo a ciki: uku a tare, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. Kafin kowane buɗi da bayansa ana zubi, kuma duk lokacin da layi ya zo kanka, ko dai ka ajiye kartarka ka haƙura, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai. Abin da aka tara a tsakiya zan riƙa kiransa tsibi.

Mu fara da ƙirga, don duk sauran a kansa suka tsaya. Karta biyun da ake miƙa maka, ta farko tana iya zama kowace cikin 52, ta biyu kowace cikin 51 da suka rage. Ka ninka, ka sami 2,652. Amma as da sarki, ko sarki da as, duk hannu ɗaya ne, sai ka raba biyu: 1,326. Iyakar hannuwan da za a iya ba ka ke nan. As biyu, wanda ya fi kowane hannu ƙarfi, ta hanya 6 kaɗai yake zuwa, domin as huɗu ne kuma hanya 6 ake zaɓar biyu daga huɗu. Raba 1,326 da 6, ka sami 221. Wato a tsawon lokaci, sau ɗaya cikin rabo 221 za ka ga as biyu a hannunka. Tagwaye, wato karta biyu iri ɗaya kamar takwas biyu, ko wane iri kuwa, sau ɗaya cikin 17. Wanda ya san wannan ba zai zauna yana jiran as biyu ba, kuma ba zai ɗauka cewa duk wanda ya ƙara zubi as biyu ke hannunsa ba.

Irin wannan ƙirga ba a kan karta aka fara ta ba. Tun ƙarni na 8, Al-Khalil bin Ahmad na Basra, wanda ya tsara ma'aunin waƙen Larabci, ya zauna ya lissafa kalmomi nawa za a iya haɗawa daga haruffan Larabci idan aka ɗauki biyu-biyu, uku-uku, har biyar-biyar, don kada wata kalma ta kuɓuce wa ƙamusunsa. Dabarar ɗaya ce da ta 1,326 ɗin nan. Nakan gaya wa ɗalibai haka don kada su zaci ilimin na ƴan caca ne.

Ko jerin ƙarfin hannuwa a poka ma, ba wani ne ya kwana ya tashi ya yanke ba. Hanyoyin zaɓar karta 5 daga 52 sun kai 2,598,960. A cikinsu, tagwaye ɗaya yana fitowa ta hanya 1,098,240, shi ya sa ba shi da wata daraja. Karta biyar a jere, kamar biyar, shida, bakwai, takwas, tara, hanya 10,200. Biyar ƴan dangi ɗaya, hanya 5,108. Ka ga dalilin da ya sa dangi ya fi jere. Huɗu iri ɗaya kuwa 624 ne kacal. Abin da ya fi wuyar samu shi ya fi tsada, kamar a kasuwa.

To, yanzu mu zauna a kan tabarmarku. A hannunka akwai kur biyu ƙanana, a ce bakwai da huɗu. An buɗe karta huɗu a tsakiya, biyu daga ciki kur ne, saura ɗaya a buɗe. Kur ɗaya kake nema ka cika biyar ƴan dangi. Yadda abokin wasanka yake zubi ya nuna maka cewa a halin yanzu yana gabanka. Sau nawa kartar ƙarshe za ta cece ka? Kur 13 ne, ka ga huɗu, saura 9. Ka ga karta 6 cikin 52, saura 46 da ba ka gani ba. Tara cikin 46, wato kashi 19.6 cikin 100, kusan sau ɗaya cikin biyar.

Na san abin da za ka ce, don duk shekara sai wani ya ɗaga hannu a aji ya faɗe shi: "Mushe, in kur ɗin suna hannun sauran ƴan wasa fa?" Suna iya kasancewa can, suna kuma iya kasancewa a saman tarin da ake rabawa. Tunda ba ka gan su ba, kowace karta cikin 46 ɗin nan daidai take da ƴar'uwarta wajen yiwuwar zama ta gaba. Lissafin yiwuwa ba ya auna abin da ke ɓoye, abin da kai ka sani yake aunawa.

Da a ce tun bayan buɗin uku na farko kake cikin wannan hali, saura karta biyu ke nan, sai a bi ta baya. Ba ka ga 47 ba, 38 daga ciki ba kur ba ne. Yiwuwar ka rasa a ta farko 38 cikin 47, ka sake rasawa a ta biyu 37 cikin 46. Ka ninka su, ka sami kashi 65. Abin da ya rage, kashi 35, shi ne naka. Ba wanda zai yi wannan da ka ana jiransa shayi yana hucewa, shi ya sa ƴan wasa suke da gajeriyar hanya: ka ƙirga kartocin da za su cece ka, in saura buɗi ɗaya ka ninka da 2, in saura biyu ka ninka da 4. Tara sau huɗu 36, gaskiyar 35. Mai neman cika jere ta kowane gefe yana da karta 8, sau huɗu 32, gaskiyar 31.5. Mai neman karta ɗaya ta tsakiyar jere yana da 4 kaɗai, 16, gaskiyar 16.5. Dabarar tana fara zuƙi idan kartocin sun yi yawa: mai 15 zai ce 60, alhali 54 ne.

Sai dai sanin cewa kana da kashi 20 bai gaya maka ka bi ko ka ajiye ba. Nan ne zuciyar maganar, kuma ina kyautata zaton nan ne abokinka ya fi ku.

Ka san fataken albasa na Galmi. Ka tambayi ɗayansu, "Buhun nan abin saye ne?" Ba zai amsa ba sai ya ce, "Nawa?" Albasar ɗaya ce, amma a wani farashi riba ce, a wani kuma karyewa. Haka kur ɗinka huɗu suke. A ce akwai tsinke 90 a tsibi, abokin wasa ya zuba 10, ya zama 100, ana neman 10 a wurinka. Ka ɗauka wannan hali zai maimaitu sau 46, kowace karta ta fito sau ɗaya. Sau 9 ka kwashi 100, jimilla 900. Sau 37 ka rasa 10, jimilla 370. Ribarka 530, wato kusan tsinke 11 da rabi duk lokacin da ka bi. Bi shi ne daidai, duk da cewa sau huɗu cikin biyar za ka sha ƙasa. Yanzu a canza farashi: 40 ne a tsibi, ya zuba 40, ya zama 80, ana neman 40 a wurinka. Sau 9 ka kwashi 80, 720 ke nan. Sau 37 ka rasa 40, 1,480 ke nan. Asara 760. Karta ɗaya, mutum ɗaya, dare ɗaya, amma a nan ajiyewa ce daidai.

A taƙaice, ka raba abin da ake nema a wurinka da jimillar abin da zai kasance a tsibi bayan ka zuba. A misali na farko 10 cikin 110, kashi 9. A na biyu 40 cikin 120, kashi 33. In yiwuwar cinka ta haura wannan adadi, ka bi. In ba ta kai ba, ka ajiye ba tare da ɓacin rai ba. Kuma ka lura, ban tambaye ka nawa ka zuba a baya ba. Kalmar da ta fi kashe ƴan wasa ita ce, "Ai na riga na zuba da yawa, ba zan fita ba." Tsinken da ya bar hannunka ya shiga tsibi ba naka ba ne kuma, na wanda ya ci ne. Wannan cutar ba ta karta kaɗai ba ce: na sha ganin mutum yana ta zuba kuɗi a gyaran tsohon babur, ba don babur ɗin zai tashi ba, sai don baƙin cikin abin da ya kashe a baya.

Wannan tunani na ɗaukar duk abin da zai iya faruwa a auna kowanne da nauyinsa yana da tarihi. A 1654 wasu Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a kan wata tambaya: mutum biyu sun zuba 32 kowannensu, an yi sharaɗi wanda ya fara ci sau uku shi ke kwashe 64 ɗin. Ɗaya ya ci biyu, ɗaya ya ci ɗaya, sai wasa ya tsaya. Yaya za a raba? Ka gwada ta a fada, za ka ji gardama: wani zai ce rabi da rabi, wani zai ce kashi biyu da kashi ɗaya. Pascal ya ce a duba zagayen da ba a yi ba. In na gaba ya ci, 64 nasa ne. In ya faɗi, sun yi kunnen doki, 32 nasa ne. Ashe ko ta yaya 32 tasa ce, ɗaya 32 ɗin ce ake jayayya a kai, ita za a raba biyu. Ya tashi da 48, abokinsa da 16. Daga waɗannan wasiƙu ne aka saba ƙirga mafarin darasin da kuka yi a tarminal.

Akwai ramuka biyu da masu sabon ilimi ke faɗawa. Na farko, kashi 35 ɗin nan na karta biyu ne. Idan za a sake neman zubi a wurinka kafin ta ƙarshe, to kuɗin karta ɗaya ka biya, kuma abin da ka saya kashi 19 ne. Wanda ya biya farashin 35 ya karɓi 19, kallon kitse ya yi wa rogo. Na biyu, ba kowace kartar ceto ke ceto ba. Kur ɗinka bakwai da huɗu ne. In abokin wasa shi ma kur yake nema kuma nasa as ne, to kartar da kake roƙon Allah ta fito ita ce za ta tsiyata ka, don za ka zuba duk abin da ke gabanka kana murna. A ɗaya gefen kuma, wani lokaci farashin yanzu bai kai ba, amma ka san mutumin ba ya iya ajiye karta, in taka ta fito zai biya ka da yawa a zubin ƙarshe. Wannan ma ana sa shi a ma'auni, da sharaɗin kada ya zama hujjar bin son zuciya.

Yanzu sai karanta mutum. Ƴan fada suna son su ce, "Na san abin da ke hannunsa." Ba ka sani ba. Abin da za ka iya sani shi ne jerin hannuwan da mutum irinsa yake yin irin wannan zubi da su, sannan ka ƙirga. A ce akwai wani a cikinku mai tsoro, wanda ba ya tura duk ashanarsa tun kafin buɗi sai da as biyu, ko sarki biyu, ko as da sarki. Kai kuma dam biyu ke hannunka, kartar da ke bin sarki a ƙarfi. Zuciya za ta ce maka abu uku ne, biyu sun fi ka, ka gudu. Ƙirga kuwa cewa take: as biyu hanya 6, sarki biyu hanya 6, as da sarki hanya 16, don kowane as cikin huɗu yana iya haɗuwa da kowane sarki cikin huɗu. Cikin 28, 16 as da sarki ne, fiye da rabi. A gaban as biyu ko sarki biyu, dam ɗinka suna ci kusan kashi 18; a gaban as da sarki, kusan kashi 56. In ka haɗa su da nauyinsu, kana da kusan kashi 40. Daga nan sai ka koma wurin ɗan Galmi ka tambayi farashi. Kuma kartar hannunka tana canza ƙirgar: da as ɗaya na wurinka, hanyoyin as biyu sun ragu daga 6 zuwa 3.

Burga ita ce abin da ya fi jan hankalin matasa, wato ka zuba da ƙarfi alhali hannunka fanko ne, don abokin wasa ya tsorata ya ajiye. Ana ɗaukarta jarumta, amma ita ma farashi gare ta. In akwai 60 a tsibi ka zuba 60, kana sa 60 a haɗari don ka sami 60, dole ya ajiye aƙalla sau ɗaya cikin biyu kafin ka fita kunya. In 30 ka zuba, sau ɗaya cikin uku ya isa. Don haka yi wa wanda ba ya ajiye karta burga, zuba ruwa ne a rariya.

John von Neumann, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20, ya yi nazarin wata ƴar ƙaramar poka a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944, littafin da ya zama tushen ilimin dabarun wasa da masana tattalin arziki ke amfani da shi. Abin da ya samu yana ba mutane mamaki: lissafi ne da kansa yake tilasta burga, kuma da mafi munin hannuwa ake yin ta, ba da matsakaita ba. Dalilin ba shi da wuya. Matsakaicin hannu yana iya ci in aka buɗe, don me za ka sa shi a haɗari? Mummunan hannu kuwa ba shi da wata hanya sai ta tsoratarwa. Sannan in ba ka taɓa burga, duk ranar da ka zuba kowa zai gudu, hannunka mai kyau ya tashi a banza. Har adadin ana iya fitarwa. In a zubin ƙarshe ka zuba daidai da tsibi, abokin wasa yana biyan 60 don ya ci 120, yana bukatar ya yi daidai sau ɗaya cikin uku. In ka tsara wasanka ta yadda cikin kowane irin wannan zubi uku ɗaya burga ce biyu gaskiya, ko ya bi ko ya ajiye duk ɗaya ne a wurinsa, ka toshe masa ƙofa.

Duk wannan na abokinka ne, na ba shi. Yanzu ga abin da ya tsallake.

Lissafi bai taɓa yi wa kowa alkawarin cin hannun da ke gabansa ba. As biyu a gaban sarki biyu yana ci kusan kashi 82, wato yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar ko shida, kuma ya faɗi sau biyu a jere abu ne da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin 30. Mai neman kur a karta ta ƙarshe, ya rasa sau biyar a jere, yiwuwarsa kashi ɗaya cikin uku ce. Kuma bayan ya rasa biyar ɗin, ta shida tana nan a 9 cikin 46 ɗinta. Karta ba ta riƙe bashi, ba ta san an zalunce ka jiya ba. Saboda haka mutum yana iya yanke shawara mai kyau ya yi asara, wani ya yi wauta ya kwashe. Hausawa sun ce sa'a ta fi manyan kaya, kuma a dare ɗaya haka abin yake. Gwaninta sai an daɗe take bayyana, kuma daɗewar ta wuce yadda kuke zato. A watan Janairu na 2017, lokacin da masana na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka gwada manhajarsu mai suna Libratus da ƙwararru huɗu, sai da aka raba hannu 120,000 cikin kwana 20, don a tabbata cin da ta yi musu ba sa'a ba ce. In ku kuna raba hannu 30 a awa, awa uku kowane dare ba fashi, sai kun haura shekara uku da rabi kafin ku kai wannan adadi. To ƴan makonnin da abokinka ya yi yana kwashe ashana me suka tabbatar? Wataƙila ya fi ku, ban musa ba. Amma fin ƴan fada biyar da suka koyi wasa a salula bara ba shi ne fin wanda ke ɗaya gefen intanet ba, wanda ba ya ganinsa, mai yiwuwa sana'arsa ke nan shekara da shekaru, mai yiwuwa ma na'ura ce.

Sannan akwai wanda ba ya riƙe karta amma ba ya faɗuwa. Duk inda ake poka ta kuɗi, a gidan caca ko a intanet, mai wurin yana cire la'adarsa galibi daga tsibin da aka tara. Bari in ƙaga misali da lambobi masu sauƙi. Mutum shida, kowa ya zo da jaka goma, jaka sittin ke nan a kan tebur. A ce matsakaicin tsibi jaka huɗu ne, la'ada kashi 5 cikin 100, wato dala arba'in a kowane hannu. Dala arba'in ba ta kai a ɗaga kai a dube ta ba. Amma hannu 30 a awa, jaka shida ke nan. Cikin awa biyar jaka talatin, rabin duk abin da mutum shidan suka zo da shi, ya koma aljihun wanda bai taɓa karta ba. A fadarku in aka tashi, ashanar da aka fara da ita tana nan, hannu kawai ta canza. A teburin kuɗi kuwa jimillar ƴan wasa kullum raguwa take. Bai isa ka fi matsakaicin ɗan wasa ba, sai ka fi shi da tazarar da ta haura la'ada, shi ya sa masu asara suka fi masu riba yawa nesa ba kusa ba. Haka abin yake a cacar ƙwallo da ta cika salular matasa: in ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya aka ba kowace 1.90, wato wanda ya sa jaka ɗaya ya ci a ba shi 1,900, duk jaka ɗaya da ka sa, a tsawon lokaci 950 take dawo maka. Ka haɗa irin wannan wasa goma a tikiti ɗaya, ka ninka 0.95 sau goma, abin da ke dawowa bai wuce 600 ba.

Ko da babu la'ada, ƙaramin jari yana da nasa hukunci. In mai jaka goma da mai jaka casa'in suka yi ta wasan da ba wanda ya fi wani har ɗaya ya ƙare, sau tara cikin goma mai goman ne zai tashi hannu rabbana. Ɗalibin da ke jiran kuɗin bursu ko abin da tsoho ya aiko daga gida, ka san a wane gefe yake.

Abokinka zai kawo maka labarin Chris Moneymaker, ma'aikacin akanta da ya shiga babbar gasar duniya ta 2003 ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya tashi da dalar Amurka miliyan biyu da rabi. Gaskiya ne, ya faru. Mutum 839 ne suka zauna a gasar nan, kujerar kowanne dalar Amurka 10,000, kuma mafi yawansu ba su koma gida da ko sisi ba. Sunan mutum ɗaya ya iso Harobanda.

Maganar cewa tunda akwai lissafi ba caca ba ce, wannan ba ta tsaya ba ko a ma'aunin lissafin. Kai da kanka ka ga cewa bayan duk ƙirga, kuɗin yana komawa ne inda kartar da ba wanda ya gani ta tura shi, kuma abin da ɗaya ya samu daga aljihun ɗan'uwansa ya fito, ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba. Iya ƙirga yana canza yawan cin mutum, bai canza sunan abin ba. Hukuncin caca kuwa kun san shi tun kuna makarantar allo, yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. In yana da sauran gardama a nan, ya kai ta gaban malaminsa, ni nawa fannin na gama.

Kai kuma, tunda ka tayar da tsohon malaminka, ba za ka tafi haka ba. Ka samo kaye da bik. An ba ka tagwaye a hannu, a ce takwas biyu. Mece ce yiwuwar aƙalla takwas ɗaya ta fito cikin karta ukun farko da za a buɗe? Ka bi ta baya kamar yadda muka yi da kur: karta 50 ba ka gani ba, 48 daga ciki ba takwas ba ne. In amsarka ba ta faɗa tsakanin kashi 11 da 12 ba, ka sake. Daga nan ka gaya mini tsinke nawa ya kamata ka sa ran kwashewa kafin ya dace ka biya 10 don ganin buɗin nan. Ka ɗauki hoton shafin ka turo mini kafin Juma'a, da aikin gaba ɗaya, ba amsa tsirara ba, don ban manta halinka na leƙen kayen maƙwabci ba.